Tukwicin Gwauraye

Ƙarar makulli a cikin kwanon tangaran ce ta fara komai. Muna da wani ɗan kwano a kan teburin bakin ƙofa inda mijina, Abban Bilkisu, yake jefa makullansa idan ya dawo daga aiki, kuma na san ƙarar nan kamar yadda na san tarinsa. Ran nan sai na ji ta yi sauƙi, kamar an rage wani abu a jikin zoben. Ina kicin ina tsame shinkafa na leƙo. Makullin mota yana nan, na gida yana nan, amma ɗan ƙaramin nan mai jan zare, na ɗakin da muke makarantar Asabar, babu shi. Na dube shi. Ya cire takunkumin fuskarsa ya ce sun karɓi abinsu.

Azumin bana ne ya tuno mini. Ya faɗo cikin sanyi, mutum zai kai la'asar bai san ƙishirwa ba, har ana buɗe taga a kashe esi. Wata yarinya da aka kawo amarya unguwar Mesaimeer a nan Doha bara ta zo buɗa-baki wurina, ta ga tabarmi a naɗe a jikin katanga, ta tambaye ni me ya sa muke tara yara a farfajiya kamar waɗanda aka kora. Ta ce yanzu da aka janye tallafin mai a gida, duk mai rara can yake turawa, babu wanda zai ba mu ko kwabo, gara mu nemi kamfanin da zai ɗauki nauyinmu. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na ce mata zan ba ta labari, sai aka kira salla, bayan salla kuma hira ta bi wata hanya. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ni da Anti Memuna muka fara makarantar. Ita 'yar zangon Kumasi ce, mijinta yana aiki a filin jirgi. Ni Bazazzagiya ce, mijina yana ɗakin gwajin jini a wani asibiti. Ciwo ɗaya ya haɗa mu: ka yi wa ɗanka magana da Hausa ya amsa maka da Turanci, idan ransa ya ɓaci ya ƙara da Larabcin titi. Bilkisu tana aji ɗaya a lokacin. Idan Inna ta kira daga Zariya ta ce a ba ta ƙawarta, sai yarinyar ta karɓi wayar ta yi ta murmushi kamar Inna tana ganinta, can ta miƙo mini. Inna ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai ta ce, to Allah ya raya. Wannan to ɗin shi ya hana ni sukuni.

Muka samu ɗaki a wata cibiyar al'adu mai lasisi, duk Asabar da safe. Akwai sanyin esi, da ƙananan kujeru masu launi, da farin allo. Alhaji Sabo ne sila. Ɗan ƙasarmu ne, yana da hannun jari a wani kamfanin sufuri, shi ya sa kamfanin yake ba cibiyar gudummawa kowace shekara a kan a bar mana ɗakin. Muna koya wa yara gaisuwa, da sunan dangi, da ƙirga, da wasannin tafi. Ba ma tashi sai mun yi wa Alhaji addu'a, yara suna amin da ƙarfi don su san an kusa ba su cincin.

Da korona ta zo aka rufe komai, na ɗauka mu ma rufewar kowa ce aka yi mana, idan an buɗe za mu koma. A kan abinci Abban Bilkisu ya warware mini. Ya ce tallafin da cibiyar take samu daga sama an yanke shi, ta sallami rabin ma'aikatanta, ɗakin kuma za ta ba mai biya idan duniya ta lafa. Na ce ai muna da mai biya. Sai ya ajiye cokali. Ya ce abin da kamfani ya ba wuri mai lasisi, ana cire shi daga ribar da za a yanka wa haraji, kyautar ba ta yi musu nauyi kamar yadda muke gani. Bana motocinsu suna fake ƙura tana hawa, babu riba, babu harajin da za a rage, saboda haka babu kyauta.

Na ce, “Ashe duk addu'ar da muke sha, akawu muke yi wa.”

Ya ce kada in ɗauki alhakin bawan Allah, niyyarsa tana tsakaninsa da Mahaliccinsa, kuma mutum yana iya son lada ya so sauƙin haraji a lokaci guda. Gaskiya ya faɗa, na yi istigfari. Amma a raina na ji kamar an nuna mini cewa rumfar da nake sha wa inuwa ta aro ce. Na ce to mu yi karo-karo tsakaninmu mu kama wani ɗakin. Ya ce in ma daina wannan maganar, a ƙasar nan ba a tara kuɗin jama'a sai da izini, kuma wa zan tambaya? Shi kansa an zaftare masa alawus ɗin gida. Mijin Anti Memuna yana zaune, jirage ba sa tashi.

A haka azumi ya shigo. Wanda bai yi azumin waccan shekarar a Doha ba, ba zan iya sa shi ya ji ba. Zafi ya fara tun kafin watan ya raba. Ruwan famfo daga tankin saman rufi yake saukowa, da hantsi ya riga ya zama na shayi, sai na tara a bokiti tun asuba in ajiye a bayan ƙofar banɗaki ya huce, da shi za mu yi alwalar azahar. Idan na fita shanya, kafin in gama maƙala na ƙarshe na farko ya bushe ya yi tauri kamar fata. Titi shiru, sai kuliyoyi a ƙarƙashin motoci da bakinsu a buɗe. Masallacin unguwarmu a kulle, ladan zai kira salla ya ce kowa ya yi a gidansa. Ranar farko da na ji haka na zauna a dandaryar kicin na yi kuka.

Abban Bilkisu ya ware kansa a ƙaramin ɗaki saboda aikinsa. Yana shigowa zai tuɓe a bakin ƙofa, kayan su wuce cikin ruwan zafi, shi ya wuce wanka, in ajiye masa abinci a kan kujera in ƙwanƙwasa. Bilkisu takan zauna a wannan gefen ƙofar, shi a wancan, suna hira ta ƙasan ƙofa, duk da Turanci.

Kayan miyarmu na gida kuma suka kama hanyar ƙarewa, tunda babu mai zuwa balle ya riƙo mana. Kukata ta koma gindin gwangwani. Daddawa sai in gutsura kamar mai ba jariri magani. Na koyi tuƙa tuwo da samolina, na gano geron Indiyawa a wani kanti a nan Abu Hamour, ƙanana ne kuma ba su da ƙamshin namu, amma idan ka jiƙa ka markaɗa da citta da kanumfari, kunu yana fita. Daga gida waya ba ta yankewa. Kulle ya tsayar da kasuwanni, kwanon masara ya tashi, kowa yana ganin wanda yake ƙasar Larabawa ai a kan tudu yake. Muna turawa daidai gwargwado, muna jin kunyar kaɗan ɗin.

Cikin goman farko Abban Bilkisu ya gaya mini ta bayan ƙofa halin da 'yan uwanmu suke ciki a unguwar Fereej Abdel Aziz. Masu gadi ne da direbobi, a nan gwauraye ake kiransu, alhali yawancinsu da mata da 'ya'ya a gida, albashinsu ne bai kai a ba su izinin kawo iyali ba. Suna kwana a gadaje masu hawa-hawa, ɗaki ɗaya mutum da yawa. Kantunan da suke gadi an rufe, albashi ya maƙale, wasu da burodi da ruwan shayi suke buɗa-baki. Babbansu Malam Haruna ne, Bakano, mutum mai furfura a gemu, sun saba da mijina a sallar Juma'a.

Ba a hana maƙwabci ba maƙwabcinsa abinci ba. Na kira Anti Memuna, muka raba: ni tuwo da kunu, ita wake da shinkafa irin nasu da yajinta mai sa mutum ya tuna zunubansa. Wasu matan suka shigo, wata ƙosai, wata dabino. Da la'asar zan cika manyan kuloli biyu, Bilkisu ta danne murfi ta ɗaure da ɗankwali, Abbanta ya ajiye a bakin ƙofarsu a hanyarsa ta zuwa aikin yamma.

Washegari kulolin suka dawo a wanke tas, har an goge gindinsu. Da na buɗe ta kunu sai ga takardar kuɗi ƙarama an ninke ta an saka a leda. Tukwici. Mutanen da ba su ga albashi ba. Na ji abin ya soke ni, na mayar a cikin kular yamma. Ashe na yi ɓarna. Bayan isha'i Malam Haruna ya kira mijina, ina jin muryarsa ta cikin ƙofa. Ya ce a gaya wa Hajiya sun gode, amma a ina aka taɓa mayar da tukwici? Su ba mabarata ba ne, baƙunta ce ta same su. Idan ba za a karɓi tukwicinsu ba, a bar abincin, Allah zai ciyar da su.

Aka turo mini wayar ta ƙasan ƙofa, na goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kara a kunne. Na ba shi haƙuri. Na ce na san Kanawa ba sa iya karɓar abu ba a yi ciniki ba, ya ce shi ma ya san Zazzagawa, su ba ka tuwo su hana ka mutunci. Muka yi dariya, zuciya ta sauka. Sai na ce masa ai tukwici na ɗan aike ne, kuma mai rufe kular nan Bilkisu ce. Tana kulle, kuɗi ba zai saya mata komai ba.

“Ku ba ta abin da ba ta da shi,” na ce. “Ku yi mata tatsuniya a waya. Kula ɗaya, tatsuniya ɗaya.”

Ya ce, “Hajiya, da gemuna?”

“Da gemunka. In kuwa ba haka ba, gobe ma kuɗinku zai dawo.”

Saƙon murya na farko ya iso washegari bayan buɗa-baki. Ana jin fanka tana kaɗawa, ana jin cokula a kwano. Malam Haruna ya fara a ɗarare kamar mai ba da shaida a gaban alƙali, labarin wata yarinya da ta bi akuyarta har cikin rumbu. Bai yi nisa ba wani ya katse shi daga saman gado, da harshen Sakkwatawa, ya ce ba akuya ba ce, tunkiya ce. Wani ya ce a garinsu ma ba yarinya ba ce. Gardama ta kaure, ana ta rantse-rantse da dariya, Malam Haruna yana cewa haba ku bari in gama, yarinya tana jira. Waƙar da take tsakiyar labarin kuwa duk ɗakin suka amsa ta, manyan maza masu iyali, da muryoyin da suka wuni ba ruwa.

Bilkisu ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Ta ce in sake sa mata. Da aka zo wurin gardamar ta tsayar, ta tambaye ni mene ne rumbu. Tambayar da Turanci ta yi ta, amma kalmar ta fito daidai. Na zana mata a bayan kwalin madara.

Na tura wa sauran iyaye. Kafin salla ƙarama abin ya zama ƙa'ida: duk Asabar da safe kowane gida zai saurari na makon, sannan yara su kira juna su maimaita, wanda ya manta a tuna masa. Gwauraye kuma suka shiga gasa. Wani Bakatsine ya ce ba za a bar Kano ta cinye ba. Wani direba ɗan Tamale ta Gana ya aiko da kacici-kacici. Wani yaro matashi ya ce shi bai iya tatsuniya ba, sai ya ba da labarin yadda ake haƙar gyaɗa a gonar babansa, tun daga saukar ruwan farko da ƙamshin ƙasa har zuwa ranar da ake gasa sabuwa a bakin gona, yana cikin faɗa ya kashe bai ƙarasa ba. Wannan yaran suka fi so.

Ba kowa ya ga kyan abin ba. Wata baiwar Allah ta ce mini a waya, mutane suna mutuwa, 'yan uwa a gida ba su da na sawa a baka, mu kuma muna nan muna tatsuniya. Ban musa mata ba, don ni ma ina da masu jirana a Zariya. Na dai ce mata ban taɓa cewa tatsuniya ta fi tuwo ba, amma ban yarda sai ranar da muka ƙoshi za mu yi wa 'ya'yanmu magana da harshenmu ba. Ranar ba za ta zo ba. Tun ina yarinya ake cewa bana an sha wuya.

Bazara ta wuce da ɗanshinta, irin wanda kana fita daga mota tabaranka zai rufe da hazo, bango ya yi ta gumi. Albashi ya dawo wa wasu, wasu aka sallame su suka tafi. Kuloli suka ragu zuwa ranar Juma'a kawai, amma saƙonni ba su tsaya ba. Da aka sassauta doka, sanyi kuma ya shigo, Abban Bilkisu ya riƙa fitar da mota daga rumfa, mu shimfiɗa tabarmi a farfajiya. Gidan babba ne da aka yayyanka wa iyalai, maƙwabtanmu 'yan Sudan da 'yan Kerala ta Indiya ba su taɓa ƙorafi ba, har 'ya'yansu sukan zo su raɓe. Duk wanda hutunsa ya faɗo Asabar a cikin gwauraye zai hau bas ya zo. Maza a ƙarƙashin rumfa, mu mata a bakin ƙofar falo, yara a tsakiya.

Ranar da Malam Haruna ya fara zuwa, yaran ba su san fuskarsa ba. Yana yin sallama suka gane muryar, suka yi kansa suna Kawu, Kawu. Ya tsaya da ledar lemu a hannu ya rasa inda zai sa kansa. Shi ya koya musu dara a kan kwali da ƙwallon dabino, matasan suka koya wa maza langa. Anti Memuna tana da jaririya a lokacin, ta sa mijinta ya miƙa masa. Ya riƙe ta nesa da ƙirjinsa kamar tiren ƙwai. Daga baya mijina ya gaya mini cewa autarsa bayan tahowarsa aka haife ta, har ta fara tafiya bai taɓa ɗaukarta ba.

Haka muka yi ta yi. Idan zafi ya dawo mu koma waya, idan ya sauka mu koma tabarma. Inna ta kira wata rana, Bilkisu ta riƙe wayar har kunnenta ya yi zafi, ina jin tsohuwa tana ƙyaƙyata dariya tana cewa wa ya koya miki Sakkwatanci.

Sai shekarar gasar ƙwallo ta kofin duniya ta zo. Gari ya canja kama, tutoci a kowane titi, ana fenti har da dare, kuɗin haya ya haukace. Ana saura 'yan makonni a fara aka kwashe su Malam Haruna daga Fereej Abdel Aziz aka kai su wani sansani can bayan gari, inda sai ka canja bas kafin ka iso cikin mutane. Aiki kuma ya ninku musu, tsayuwa tun safe har ƙafa ta kumbura.

A cikin wannan hada-hadar Alhaji Sabo ya zo gidanmu da matarsa, da kwalin dabino mai tsada. Ya rame, shi ma shekarun sun taɓa shi. Ya ce Alhamdulillahi motoci sun tashi, har haya suke ƙarowa, bana akwai riba, saboda haka kamfani zai koma ba cibiyar gudummawa, fiye da da. Ba ɗaki ba ma, babban zaure za a ba mu mai dandamali. Za a ɗinko wa yara kaya daga Kano, su yi wasa a gaban baƙin duniya da sunan kamfani a bayansu, bayan gasa kuma zauren namu ne duk Asabar. Wallahi na ji daɗi. Na tuna yadda muke gudu da tabarmi idan iska ta taso da yashi.

Na ce su Kawu za su ji daɗin esi. Sai ya gyara zama. Ya ce wannan ne ɗan abin da yake so mu fahimta: sabuwar dokar cibiyar, ranakun hutu na iyalai ne kawai, namiji ba ya shiga sai da matarsa ko 'ya'yansa. Ba shi ya kafa ba, kuma ya yi magana an ce babu yadda za a yi.

Na ce to a bar zauren, kamfani ya ba mu mota ɗaya duk Asabar ta ɗauko su daga sansani, mu ci gaba a farfajiya. Ya ce da a son ransa ne da ya yi, amma abokan jarinsa ba za su sa hannu a kan abin da bai bi ta wuri mai lasisi ba, don ba zai rage musu komai ba. Ya faɗa kansa a ƙasa. Ban ji haushinsa ba. Na zuba masa shayi na ce zan yi shawara, amma ni dai ƙafata ba za ta shiga inda za a tsayar da su a waje ba.

Mata muka taru a falona, aka yi ta kai-kawo. Abin da ban zata ba, Anti Memuna ce kan gaba a masu son zaure. Ta ce ni ina da farfajiya, ita ɗaki biyu gare ta a hawa na uku, 'ya'yanta maza sun kusa fasa mata bango. Ta ce yaranmu kullum a gefe suke a makarantunsu, sau ɗaya a rayuwa an ce su hau dandamali da kayan gidansu duniya ta gani, ni kuma na tsaya taurin kai irin na mutanen Zariya. Su Kawu ai za su ci gaba da aiko da saƙo. Na ce mata lokacin da aka karɓe makulli, waɗanda suke da lasisi da riba duk sun janye hannu, waɗanda ba su da ko albashi su suka riƙe mana yaran nan. Badi idan ribar ta sake faɗuwa fa, mu koma mu ce musu Kawu a yi haƙuri a dawo? Ta ce mutunci ba abinci ba ne, ni ma na ce ba a sayar da shi da esi. Muka faɗa wa juna maganganun da sai da muka nemi gafara daga baya. Aka tashi a kan kowa ya bi ransa: zaure zai buɗe ranar Asabar, ƙofata ma za ta buɗe.

Labari ya kai sansani. Malam Haruna ya kira a lokacin hutunsa, ina jin hayaniyar 'yan kallo a bayansa. Ya ce sun zauna sun yi magana, kada in hana yara alheri saboda su.

“Ki karɓa, Hajiya. Mu mun saba tsayuwa a bakin ƙofa, ai aikinmu ke nan.”

Na ce, “A ƙofar wasu, Malam. Ba a tawa ba.”

Ya ce khalas, shi ke nan, Bazazzagiya ta gama magana. Bai yi alkawarin zuwa ba, don bai san ko za a ba shi hutu ba.

Wadda ta fi ba ni wuya Bilkisu ce. An riga an nuna musu hoton kayan, ta zaɓi shuɗi. Da na ce ba za mu je ba ta yi kuka har ta shiɗe, ta ce na fi son su Kawu a kanta. Daga ranar ta ɗauke mini Hausa ɗungurungum. In ce ta zo ta ci abinci ta amsa da Turanci, in ce ta yi salla ta amsa da Turanci, tana kallon idona don ta san inda yake mini ciwo. Na kai goshina ƙasa na roƙi Allah, idan girman kai ne yake ɗawainiya da ni ya nuna mini. Abbanta bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ranar Juma'a da yamma dai na ga ya fitar da mota ya share ƙarƙashin rumfa.

Gidaje da dama sun zaɓi zauren, kuma ba zan rage musu komai ba. Yaransu sun yi wasa mai kyau, na gani a waya daga baya, har na yi hawaye da na ga shuɗin nan a jikin wata.

Asabar ɗin ta waye da sanyi mai daɗi, sama ta yi fari-fari kamar za a yi yayyafi. Daga nesa ana jin ganguna da ƙahonnin 'yan kallo masu wucewa tashar jirgin ƙasa. Na shimfiɗa tabarmi duka, sai na ji kunya na naɗe rabi. Kunun gyaɗa ma a ƙaramar tukunya na dama, don kada ya yi ta kallona idan babu wanda ya zo. Abban Bilkisu ya buɗe ƙofar gida ya sa dutse ya tare ta, ya ɗauki kujera ya zauna a rumfa shi kaɗai da carbinsa. Bilkisu tana bakin taga ta juya mini baya.

Na kasa tsayawa in kalli ƙofar nan. Na koma kicin na kunna famfo, na kama wanke kofunan da na riga na wanke. Lokacin farawa ya yi ya gota. Ina jin motoci suna wucewa, babu wadda ta tsaya, sai na ƙara buɗe famfon don kada in ji. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, har yatsuna suka yi yaushi.

Sai na ji an ja gefen zanena. Bilkisu ce, ba ta kalli fuskata ba, tukunyar take leƙawa. Ta miƙa hannu ta kashe famfon, sannan hayaniyar farfajiya ta shigo mini gaba ɗaya, muryoyin maza da na yara da kukan wata 'yar ƙarama da na sani.

Ta ce, “Mama, har da Anti Memuna. Ki ƙara wa kunun nan ruwa, ba zai ishe mu ba.”